Tarar naira miliyan ɗaya kan rubutun makafi? Ga abin da dokar masu naƙasa ta ce game da makarantu

Wani malami mai ƙaramar firamare ta kuɗi ya turo mini saƙon murya da ke yawo a zauren WhatsApp na masu makarantu. Mai maganar ya rantse cewa wa'adin da gwamnati ta bayar ya cika, saboda haka duk makarantar da aka samu ba ta da injin rubutun makafi da tafintan kurame za ta biya naira miliyan ɗaya, shugabanta kuma ya kwana a gidan yari. Wani ya ɗora da cewa makarantun makafi da na kurame ma rufe su za a yi. Can ƙarshe sai wani ya kawo abin da ya kira mafita: kada a karɓi yaro mai naƙasa tun farko, a huta da fitina.

To, a cikin duk wannan surutu, wannan mafitar ce doka ta rataya wa tarar miliyan ɗaya.

Dokar da ake magana a kai ita ce ta hana nuna wariya ga masu naƙasa ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019. Ta shafi makafi, kurame, guragu da duk mai naƙasa ta jiki ko ta ƙwaƙwalwa mai ɗorewa. Sashe na 1 ya ce kada wani mutum ko wata cibiya su nuna wa mutum bambanci saboda naƙasarsa, ta kowace fuska. Idan kamfani ne ko ƙungiya mai rajista, tararsa naira 1,000,000. Idan mutum ɗaya ne, naira 100,000 ko ɗaurin wata shida, ko a haɗa masa duka biyun. Wanda aka zalunta kuma yana da damar shigar da ƙarar neman diyya daban. Wannan sashe bai ware makarantar gwamnati da ta kuɗi ba. Wanda ya mayar da yarinya gida don kawai tana tafiya da sanda, alhali ya karɓi ƙawarta, shi ne ya taka sashen. Garin gudun gara an faɗa gidan zago ke nan.

Akwai wata miliyan ɗayar a sashe na 7, kuma ina jin daga nan ruɗanin ya samo asali. Ita wannan ba ta mai makaranta ba ce. Ta jami'in gwamnati ce da ya amince da taswirar ginin jama'a wadda ba ta cika ƙa'idar gini ba: aƙalla naira miliyan ɗaya, ko ɗaurin shekara biyu, ko duka. Shi kuma wa'adin shekara biyar da ake ta ambata yana sashe na 6, kuma a kan gine-gine da ababen hawa yake magana, wato a gyara su yadda mai keken guragu ko makaho zai iya shiga. Gaskiya ne ya ƙare a Janairun 2024. Amma ko a nan ba dirar mikiya ake yi ba. Sashe na 8 ya ce wanda abin ya shafa zai sanar da masu kula da wurin cewa ga shinge ya tare shi. Idan suka yi biris kuma kotu ta same su da laifi, kamfani zai biya shi naira 10,000 a kan kowace ranar jinkiri, mutum ɗaya kuwa naira 5,000 a kullum ko wata shida a kurkuku, ko duka. Ginin makarantar kuɗi na iya shiga nan, domin a fassarar dokar ginin jama'a ya haɗa da wanda jama'a ke amfani da shi, ba na gwamnati kaɗai ba. Saboda haka, Malam, maganar gangaren shiga aji da faɗin ƙofar bayan gida ta shafe ka.

Yanzu ga batun kayan karatu, wanda shi ne asalin tambayar. Sashe na 17 ya ba mai naƙasa haƙƙin karatu kyauta har ƙarshen sakandare, sannan ya ɗora samar da na'urorin taimakon karatu a wuyan hukumar kula da masu naƙasa ta ƙasa, wadda aka kafa a 2020. A lura da kyau: hukumar aka ce, ba uban yaro ba, ba kuma hedimasta ba. Sashe na 18 ya ce dukkan makarantun gwamnati, daga firamare zuwa jami'a, su zama na kowa da kowa, kowacce ta samu aƙalla ƙwararren malami guda da kayan aiki na musamman, kuma a sa rubutun makafi na Braille da maganar hannu a cikin manhajar karatu. Kalmar da aka yi amfani da ita makarantun gwamnati ce. Kuma a ƙarƙashin wannan sashe ba a rubuta tarar ko sisin kwabo ba.

Mai makaranta zai ji wannan ya yi ajiyar zuciya. Ni kuwa nan ne dokar ta ba ni haushi. An tanadi tara har ga wanda ya hana mai naƙasa wucewa gaba a layi, amma gwamnatin da ta bar makaho ya shekara shida a aji ba tare da littafin da zai shafa da yatsunsa ba, babu adadin da aka yanka mata. Ita kanta tarar naira 100,000, da darajar kuɗinmu ta yau, ba ta kai kuɗin injin rubutun makafi na Perkins guda ɗaya ba, wanda ake sayarwa ɗaruruwan daloli. Ga kuma wani ƙulli: firamare da sakandare galibi a hannun jihohi suke, shi ya sa ake ta matsa wa kowace jiha ta yi tata dokar. Legas ta yi tun 2011, Kano a 2018, Kaduna a 2021. Kowa ya nemi ta jiharsa ya karanta, don ba lallai ta zo daidai da ta tarayya ba.

Batun rufe makarantu na musamman kuwa, babu shi a dokar. Makarantar makafi ta Gindiri tana nan tun 1953, ta Tudun Maliki a Kano ma dokar ba ta taɓa ta ba. Sashe na 20 ma cewa ya yi a koyar da makafi da kurame ta harshe da hanyar da suka fi dacewa da kowane yaro. Abin da aka hana shi ne a ce wa uba ɗansa ba shi da gurbi sai can.

Sai dai dokar ta ce maganar hannu ba tare da ta ce wacce ba, kuma wannan ba ƙaramin giɓi ba ne a wurinmu. Wadda ake koyarwa a yawancin makarantun kurame tushenta Amurka, ta shigo ta hannun Andrew Foster, wani kurma ɗan mishan da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Kuramen Kano da kewaye kuwa suna da tasu maganar hannun ta gado, da ita ake ciniki a kasuwa, da ita ake hira a dandali. Wanda ya zauna ya shirya bidiyon darasi da waccan kaɗai ya cika harafin doka, amma yaron da ya tashi da ta gida zai zuba masa ido ne kawai.

Haka abin yake ga masu ƙera manhajojin karatu na waya da kwamfuta. Sassan ilimi na dokar ba su ambaci manhajar waya ko shafin intanet ba, don haka masu cewa za a kama duk wanda manhajarsa ba ta magana sun ƙara gishiri. Amma yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa, wadda Najeriya ta tabbatar a 2010, ta ambaci fasahar sadarwa ƙarara a sashenta na 9. Kuma makarantar da ta mayar da rajista ko jarrabawa kan shafin da makaho ba zai iya bi ba, ba ta kuma ba shi wata hanya ba, lauya zai iya jan ta zuwa sashe na 1. Gyaran sau da yawa ba na kuɗi ba ne. Makaho yana karanta allo ne da manhajar da ke furta rubutu, irin su NVDA, wadda kyauta ce, ko TalkBack da ke zuwa cikin wayoyin Android. Idan malami ya ɗauki hoton takardar darasi ya tura, a wurin wannan ɗalibi tamkar bai tura komai ba. Idan ya buga rubutun ya tura, an gama. Hukumar JAMB tun 2017 take da kwamiti na musamman da ke shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a, saboda haka ba abu ne da ya gagara ba.

Wani tsoron kuma shi ne wai mayar da littafin makaranta zuwa Braille ko murya satar fasaha ce.  Amma Najeriya ta shiga yarjejeniyar Marrakesh, mai sauƙaƙa wa makafi samun littattafai, a 2017, sannan sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta halatta haka a sashe na 26 ba tare da neman izinin marubuci ba. Sharuɗɗan su ne cibiyar da ke aikin ta kasance cikin waɗanda doka ta amince da su, ta samu littafin ta hanyar halal, kada ta sauya komai sai abin da sauya siffar ya tilasta, ta ba masu larurar gani ko karatu kaɗai, kuma ba don riba ba. Wanda ya naɗi littafin a murya ya kai kasuwa yana sayar wa kowa, wannan sashe bai kare shi ba.