Kiredit nawa ake nema kafin shiga makarantar likitan haƙori a Amurka?

Saƙonnin da ke shigo min daga gida, da na yaranmu da ke karatu a nan Amurka, kusan bakinsu ɗaya: ana son zama likitan haƙori, ana tambayar kiredit nawa za a tara. An ce matambayi ba ya ɓata, na yarda, amma mai amsawa yana gajiya. Ga amsoshin wuri guda. Wanda ya sake turo min ɗaya daga cikin tambayoyin nan, wannan rubutun zan mayar masa.

Ina da kiredit tara a WAEC, har da A1 a bayoloji. Sun isa?

A'a. Ba wannan kiredit ɗin ake nufi ba. A gida JAMB ce ke kai ɗalibi BUK ko Jami'ar Maiduguri ya yi shekara shida ya fito da BDS, wato digirin likitan haƙori. A Amurka sai ka fara yin jami'a tukuna, sannan ka nemi makarantar haƙori ta shekara huɗu. Abin da suke ƙirgawa shi ne abin da muke kira yunit a jami'o'inmu.

To yunit nawa?

Makarantu da yawa sun rubuta 90 a matsayin mafi ƙaranci, wato kusan shekara uku ta jami'a. Cikakken digirin farko yawanci 120 ne. Idan jami'arka tana raba shekara gida huɗu maimakon simesta biyu, 90 ɗin nan ta koma 135, domin yunit ɗinsu kashi biyu cikin uku ne na yunit ɗin simesta.

Amma kada 90 ta ruɗe ka. Kusan duk wanda ake ɗauka da digirinsa a hannu yake shiga, wasu makarantun ma sun sa shi sharaɗi. Ka gama digirinka kawai.

Dole ne digirin ya zama a bayoloji?

Ba dole ba. Ka karanta tarihi ko lissafi in ka ga dama, muddin ka yi kwasa-kwasan da suka wajabta.

Waɗanne ne suka wajabta?

Wannan yana rubuce a shafin kowace makaranta, kuma da ka duba da ba ka tambaye ni ba. Abin da aka fi gani: bayoloji simesta biyu, kemistiri na gama-gari simesta biyu, oganik kemistiri simesta biyu, fiziks simesta biyu, kowanne da firaktikal ɗinsa, kowanne yunit 8. Turanci yunit 6. Bayokemistiri yunit 3 ya zama wajibi a makarantu masu yawa. Wasu su ƙara anatomi, fiziyoloji, maikurobayoloji ko lissafin ƙididdiga. Kwas ɗin da aka tsara don waɗanda ba 'yan kimiyya ba, irin mai sauƙin nan da ake ɗauka don cike gurbi, ba ya shiga lissafi.

Na samu D a oganik kemistiri, na sake na samu A. D ɗin ta goge?

Ba ta goge ba. Ko jami'arka ta share ta daga lissafinta, AADSAS, cibiyar da ake tura takardun nema ta hannunta, tana haɗa duka biyun ta fitar da nata GPA ɗin, har da wani na daban na bayoloji da kemistiri da fiziks kaɗai. Sake kwas ɗin da ka yi daidai ne, don yawanci ba a karɓar ƙasa da C a darussan wajibi. Kuma kwantar da hankalinka, ƙanena. D guda ɗaya a shekarar farko wadda A ta biyo bayanta ba ta hana kowa zama likita ba. Abin da ke kashe takarda shi ne sakamako ya riƙa gangarowa shekara bayan shekara.

Na gama digiri a bayokemistiri a Najeriya da yunit sama da 120. Za su karɓa?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma duk wanda ya ba ka amsar "e" ko "a'a" kai tsaye bai san abin ba, ko kuɗinka yake hange. Wata makarantar za ta karɓa, wata ta karɓi wani ɓangare, wata ba za ta ko kalli takardar ba. Yawan yunit ɗinka bai dame su kamar inda ka samo su ba.

Matakin farko shi ne tantancewa. Ana tura tiranskirif ɗinka ga WES ko ECE, su fassara shi zuwa ma'aunin Amurka. Ka nemi tantancewar kwas-kwas, ba wadda za ta ce kawai digirinka ya yi daidai da nasu ba. Mutane suna biyan mai arhar sannan su dawo su sake biya. Yawanci jami'arka ce za ta aika takardun da kanta, ba kai ba, kuma ka san yadda ofisoshin rajista suke, don haka ka ba abin watanni. Sannan ka sani rahoton tantancewa shawara ce. Ba ya tilasta wa kowace makaranta komai.

Bayan rahoton ya fito, sai ka ga giɓi inda ba ka zata ba. A gida firaktikal yakan zo a matsayin kwas mai zaman kansa na yunit ɗaya, kuma ba lallai ne mai duba takardarka ya gane cewa na wane darasi ne ba sai an nuna masa manhajar kwas ɗin. Wanda ya yi maikurobayoloji zai iya tarar da oganik kemistiri simesta ɗaya kawai ya yi. Turancin GST da muka yi a shekarar farko wata makarantar ta lissafa shi, wata ta ce sai an yi kwas ɗin rubutun Turanci a nan, wataƙila ta ƙara da TOEFL, duk da cewa da Turanci aka koyar da kai tun firamare. Abin da ciwo, na sani, amma gardama da su ba ta canza komai.

Babbar katangar ita ce wannan: makarantu da dama sun ce darussan wajibi sai an yi su a jami'ar Amurka ko Kanada da hukumar tantance jami'o'i ta amince da ita. Wasu sun ɗan sassauta, sun ce a yi aƙalla shekara guda na kimiyya a nan. Wasu kuma suna duba shekarun kwas ɗin, idan ya daɗe su ce a sabunta. In haka ta faɗo maka, hanyar da aka saba ita ce karatun bayan digiri na cike giɓi, shekara ɗaya zuwa biyu. Digiri na biyu yana iya ƙara wa takardarka nauyi, amma ba lallai ya maye gurbin fiziks ko kemistirin shekarar farko ba, sai makarantar ta faɗa da bakinta. Digirinka na gida bai tafi a banza ba, wanda ya taɓa yin bayokemistiri shekara huɗu ba ya shan wahalar waɗannan azuzuwan, sai dai lokaci da kuɗi.

Akwai kuma abin da bai shafi yunit ba amma yana yanke hukunci. Makarantun gwamnatin jiha 'yan jiharsu suke fifitawa. A Texas doka ce ta ware aƙalla kashi 90 cikin 100 na gurabe ga mazauna jihar, kuma makarantun gwamnatinsu ta TMDSAS, cibiyar tura takardun nema ta jihar, ake neman su. Mai katin zama na dindindin da mai bizar ɗalibi ba matsayinsu ɗaya ba: wasu makarantun ba sa ɗaukar mai biza sam, kuma bashin karatu na gwamnatin tarayya ba ya samunsa. A wasu makarantu masu zaman kansu kuɗin shekara huɗu, da na zama, yana haura dala dubu 400.

Shawarata: ka zaɓi makarantu biyar ko shida daga jagoran da ƙungiyar makarantun haƙori ta Amurka, ADEA, ke fitarwa, ka rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai na kowacce, ka jera kwasa-kwasanka da yunit da shekarar da ka yi su, ka tambaya ɗaya bayan ɗaya. Ka ajiye amsar a rubuce. Kafin nan kada ka biya kowa ko kwabo, musamman masu cewa su ejan ne. Kuma ko amsar ta zo, ta wannan shekarar ce. Ka sake dubawa kafin ka tura takarda.

Idan na ci jarrabawar shiga makarantar haƙori ta DAT sosai za su yafe min kwas ɗin da ban yi ba?

A'a. Kuma kafin ka tambaya: babu fiziks a cikin DAT, amma sai ka yi kwas ɗin fiziks. Tun Maris 2025 makin jarrabawar ya koma sabon ma'auni, tsakanin 200 da 600, don haka daina auna kanka da 20 ko 22 da yayanka ya samu a tsohon ma'auni.

Kwalejin shekara biyu ta unguwa fa, ko karatu ta intanet? Sun fi arha.

Sun fi arha, gaskiya. Makarantu da yawa suna karɓa, wasu sun ƙayyade yunit nawa za a kawo daga can, wasu ba sa son firaktikal ɗin da aka yi ta kwamfuta. In ka fara a kwalejin, ka ɗauki manyan darussan kimiyya a jami'a mai shekara huɗu bayan ka koma. Haka ma makin AP, wato kwasa-kwasan matakin jami'a da ake yi tun a sakandare: tambayi makarantar.

Ni likitan haƙori ne a gida, da BDS ɗina. Zan sake tara yunit daga farko?

Ranka ya daɗe, wannan rubutun ba naka ba ne. Hanyarka daban: jarrabawar lasisi ta INBDE, nema ta cibiyar CAAPID ta likitocin waje, sannan shirin likitocin waje na shekara biyu zuwa uku.

Sai na gama duka kwasa-kwasan kafin in nema?

Ba sai ka gama ba, yawanci kafin ranar shiga aji ake so a kammala. Ana fara tura takardu a farkon Yuni, amsoshin farko su fito tsakiyar Disamba, kuma gurabe suna cika tun kafin wa'adi ya ƙare. Mai jira sai makon ƙarshe da kansa yake.

Digirin haƙori na DDS da na DMD, wanne ya fi?

Abu ɗaya ne. Sunan da makarantar ta zaɓa ne kawai ya bambanta.