Rigar sanyi ta saƙa mai buɗaɗɗen gaba

Rigar sanyi mai buɗaɗɗen gaba, wadda ake kira kadigan, nau'in suwaita ce da ake saƙawa da zaren ulu, a tsaga gabanta daga wuya har ƙasa, a sa mata maɓallai ko zif. Ta samo sunanta daga James Brudenell, wani basaraken Ingila mai sarautar Cardigan, wanda ya jagoranci mahaya dawakin Birtaniya a karon Balaclava a 1854, lokacin Yaƙin Kirimiya.

A Sakkwato kasuwarta takan buɗe ne da shigowar hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, sa'ad da busasshiyar iska ke kaɗowa daga Sahara da ƙura da hazo. Garin da zafinsa kan haura digiri 40 a Afrilu sai ga shi da asuba ɗari na ratsa ƙashi, amma kafin azahar rana ta ƙwalle. Wannan ne ya sa mai maɓallai ta fi dacewa da yankin: ɗan makaranta ya fita da ita a ɓalle, hantsi ya yi ya buɗe gaban, ba sai ya tuɓe ta ta kai ba.

Hanyoyin saƙa ta uku ne. Akwai ta allurai biyu dogaye, akwai ta kwarashi mai ƙugiya a baki, sai ta keken saƙa, wanda asalinsa injin saƙa safa ne da William Lee ya ƙera a Ingila a 1589. Mata masu sana'ar a cikin gida sun fi dogara da keken, domin abin da hannu zai kwashe makonni yana yi, keke kan gama shi a yini. Kwarashi kuwa an fi yin kayan jarirai da shi: riga, hula da safa.

Yawanci ba a saƙa rigar a dunƙule. Akan yi baya daban, gaba kashi biyu, hannuwa biyu, sannan a harhaɗa da allura, a bi bakin gaba da wata siririyar saƙa mai kafofin maɓalli. Bakin hannu da gindin riga ana yi musu saƙa mai tsiri-tsiri da ke miƙewa ta koma, don ta kama jiki, iska ta rasa mashiga. A nan ake gane gwana. Idan hannunta ya saki a gefe guda, gaban zai fito ɗaya ya fi ɗaya tsawo, maɓallai su ƙi haɗuwa da kafofinsu. Shi ya sa masu lura kan fara saƙa ɗan ƙyalle na gwaji, su auna shi, kafin su ɗora rigar.

Zaren dai ba na gida ba ne. Tumakin yankin, irin su Uda da Balami, gashi gare su, ba ulu ba, don haka akasarin abin da ake kira ulu a Babbar Kasuwar Sakkwato zaren akirilik ne, wato zaren roba na masana'anta. Ya fi araha, yana jure wanki, sai dai bai kai ulun tumaki riƙe ɗumi ba, kuma yana narkewa idan wuta ta taɓa shi, abin lura ga yaran da ke jin ɗumi a bakin murhu. Babbar kishiyar masu saƙa ita ce suwaitar gwanjo, wadda kan cika kasuwa da zarar sanyi ya kama.

Ana wanke rigar da ruwan sanyi, a matse ta a hankali, a shimfiɗa ta a inuwa. Rataya ta a igiya da jiƙonta yana sa ta zazzago ta ɓata fasali.