Zobban cikin icce

Zobban icce su ne layukan nan masu kewaye da ake gani in an yanke gindin icce da zarto, ɗaya cikin ɗaya kamar ɗinkin faifai, tun daga tsakiya har bakin ɓawo. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masassaƙan turmi a Tawa ya gansu ko bai kula ba. Icce daga ƙarƙashin ɓawo yake ƙara kauri, in ya samu ruwa sai ya yi sashe mai faɗi mai haske, in ruwa ya janye ko sanyi ya shigo girman ya ja baya sai siririn layi mai duhu ya hito, to su biyun nan su ne shekara guda. Shekarar da damana ta yi kyau zoben ya buɗe, shekarar fari ya tsuke kamar zare, gobara ma tana barin tabonta.

Wanda ya maida abin ilimi shi ne Andrew Douglass, masanin taurari a Arizona ta Amurka. Ya lura itatuwan yanki guda jerin faɗi da tsukewarsu iri ɗaya ne, sai ya riƙa gwama na icce mai rai da na katakon tsohon gini yana ja da baya, har a 1929 ya gano shekarun da mutanen asalin yankin suka gina tsoffin gidajensu, a 1937 kuma ya buɗe cibiyar binciken zobba a jami'ar Arizona. A Kalifoniya akwai iccen da aka ƙirga ya haura shekara 4,800 kuma yana nan da ransa, abin wallahi akwai ban mamaki.

Nan wajenmu sai an yi hankali. Giginya da goruba da dabino ba su yin zobe sam. Kuka cikinta taushi gare shi, zobbanta ba abin dogaro ba ne, da awon kabon, wato gwajin sinadarin kabon da ke cikin iccen a ɗakin bincike, ake gane shekarunta. Gawo kuwa da rani yake ganye, da damana ya kaɗe, lokacin girmansa daban ne da na sauran.

Kuma ba sai an kada icce ba, abin da ya hi min daɗi kenan, wani siririn bututun ƙarfe ake murzawa cikin gindin a zaro ɗan tsinke kamar alƙalami, a goge shi a ƙirga, iccen na nan tsaye da inuwarsa.