Me ake nufi da binciken ƙarƙashin ƙasa idan fili yana kan tsohuwar mahaƙa?

Wani ƙanina ne ya kira ni kwanaki, ya samu fuloti da araha a wajen Bukuru ta jihar Filato har ya biya rabin kuɗi, sai injiniyan da zai zana masa ginin yace shi fa ba zai sa hannu a takarda ba sai an yi binciken ƙarƙashin ƙasa tukuna. Yace min Yaya, ai na sa an haƙa rami ƙafa huɗu, jar ƙasa ce mai tauri har diga na tartsatsi, wane bincike kuma ya rage? Nace masa ƙafa huɗun nan fatar ƙasa kawai ka gani, shi injiniya cikinta yake tambaya, dan yankin nan gaba ɗaya an yi shekara da shekaru ana haƙar kuza a cikinsa.

Abin da mafi yawanmu muka sani shine gwajin ƙasa, a ɗebi samfur a kai ɗakin gwaji a faɗa maka nauyin da zata iya ɗauka, yumɓu ce ko yashi ko marmara. Wannan yana ciki, amma binciken da ake yi a kan tsohuwar mahaƙa ya fi shi faɗi. Tambayarsa itace: shin akwai kogo a ƙarƙashin nan wanda ɗan Adam ya haƙa ya tafi ya bari? In akwai, a ina yake, zurfinsa nawa, faɗinsa nawa, ya rufta ne ko har yanzu a buɗe yake, ruwa ne a ciki ko iska, kuma me ke tsakaninsa da fandishon gidanka. Turawa na kiran wannan fanni jiyoteknik, wato ilimin halayyar ƙasa da dutse idan aka ɗora musu gini.

Sai ka fahimci yadda rami ke cin ƙasa kafin ka ga amfanin abin. A tsohon salon haƙar kwal ko alli, masu haƙa suna kwashe ma'adinin ne su bar wasu ginshiƙai na shi kansa dutsen su riƙe rufin, kamar dai zaure mai ginshiƙai da yawa. Bayan an tashi daga wurin sai ruwa ya shiga, katakon da aka tokare rufin da shi ya ruɓe, ginshiƙan su fara marmashewa, rufin ya zubo kaɗan, na samansa ya zubo, kaga kogon ya fara tafiya sama kenan a hankali ba wanda ya sani. Wani lokaci ɓaraguzan da ke zubowa su cika kogon su toshe shi ya tsaya a hanya, tunda fasasshen dutse ya fi cin wuri akan wanda bai fashe ba. Wani lokaci kuma bai tsayawa sai ya ɓullo waje. Shi yasa injiniyoyin Ingila ke da wani ƙiyasi da suka daɗe suna aiki da shi, cewa in kaurin dutse mai ƙwari da ke saman kogon ya ninka tsayin kogon sau 10 to da wuya ya iso sama. Kogo mai tsayin mita 2 kenan yana son mita 20 na dutse a kansa, kuma dutse fa aka ce, ƙasar da ke sama ba a lissafa ta.

Abin yana iya ɗaukar shekara ɗari yana jira. Ranar 3 ga Maris 1988 a birnin Norwich na Ingila wata bas mai hawa biyu tana cikin tafiya a titin Earlham sai kwalta ta burma da bayanta, ashe tsohuwar mahaƙar alli ce a ƙasa da an daɗe da mantawa da ita, Allah ya taimaka fasinjojin suka fita. A Paris kuma tun 1774 wani yanki na titi ya rufta cikin ramukan da aka sassaƙo duwatsun gina birnin, har ta kai sarkin Faransa Louis na 16 ya kafa hukuma ta musamman a 1777 aikinta kawai ta bi ramukan nan ta zana taswirarsu ta tokare su, kuma har gobe hukumar tana nan tana aiki.

To shi binciken ba da inji ake fara shi ba, da takarda ake farawa da kuma baki. A nemo tsofaffin taswirori, takardun kamfanonin haƙa, hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama shekarun baya, a dora su akan taswirar yau a ga ko filin ya faɗa cikin inda aka taɓa aiki. A Birtaniya doka ta tilasta tun 1872 cewa duk mahaƙar kwal da za a rufe sai an miƙa taswirarta ga hukuma, amma duk da haka waɗanda aka haƙa kafin nan da yawansu babu su a ko wace takarda, shi yasa ko a can rashin ganin rami a taswira bai isa hujjar cewa babu shi ba. Balle mu. Kamfanonin Turawa da suka fara haƙar kuza a Filato tun farkon shekarun 1900 yawanci buɗaɗɗen rami suke yi, sune suka bar mana tafkunan nan da ake gani a Rayfield da Bukuru da Barikin Ladi, waɗannan ko banza ido na ganinsu. Wanda ya fi tayar min da hankali shine loto, wato ramin da ƙananan masu haƙa ke yi kamar rijiya, a sauka da igiya, in an taras da yashin kuza sai a bi shi ta gefe kamar ramin gafiya. Wa ya zana taswirar loto? Babu. Kuma samansa ba dutse bane, ƙasa ce mai laushi da yashi, dan haka ƙiyasin nan na ninki 10 ma bai shafe shi ba sam. A irin wannan wuri dattijon unguwa da ya yi leburancin kuza a ƙuruciyarsa ya fi maka kowace taswira, kuma injiniyan kirki zai je ya zauna da shi ya tambaye shi.

Daga nan sai a taka filin da ƙafa. Wurin da ya ɗan lotsa kamar kwano, tsibin yashi da bai yi kama da ƙasar wurin ba, inda ruwan sama ke shigewa ya ɓace nan take, ciyawar da tafi ta kewayenta kore da rani, katangar maƙwabci da ta tsage ta karkata, duk magana suke yi.

Akwai na'urorin da ke leƙa ƙasa ba tare da an haƙa ba. Wata ana kafa ƙarafuna a jere a tura lantarki a auna yadda yake ratsa ƙasa, irin wadda masu neman ruwan burtsatse ke yawo da ita, wata tana auna ɗan bambancin nauyin ƙasa tunda kogo ba shi da nauyi, wata kuma rada ce, na'ura mai aika sigina cikin ƙasa ta karanta abin da ya dawo, ana tura ta kamar keken jarirai, sai dai ita a yumɓu mai danshi bata gani da nisa. Dukkansu nuni kawai suke yi su ce duba nan, ba sa yanke hukunci, duk wanda ya kawo maka zane mai launi-launi yace an gama bincike to bai gama ba.

Hukunci yana wurin haƙa. A kawo injin huda ƙasa a yi ramuka a wurare daban-daban na filin, a yankunan kwal sau da yawa har mita 30, kuma a nan gwanintar mai injin take fitowa, dan shi ke jin abin da ke faruwa a hannunsa. Yana cikin cin dutse sai ƙarfen ya zurma fuu ba tare da turjiya ba, kogo kenan. Ko ruwan da ake turawa ya daina dawowa sama, ya samu wurin zuwa kenan. Ko ya fara fito da ruɓaɓɓen katako. In an samu kogo akan zura kyamara a ga girmansa. Inda kuma tsohon rami ne aka cike da ƙasa, akwai gwajin da ake sakin guduma mai kilo 63.5 daga tsayin santimita 76 ana ƙirga bugu nawa zai tura wani bututu santimita 30 cikin ƙasa, in bugu kaɗan ya wadatar to cikon bai danƙaru ba, zai zauna da gini a kansa. Mutanen Kano sun san wannan ciwon ta wata fuskar, gidajen da aka gina akan kududdufin da aka cike da shara. Sai dai huda ƙasa ma tana da iyaka, bakin loto bai da faɗi, zaka iya hudawa taku biyu daga gefensa ka wuce baka sani ba, dan haka neman bakin rami an fi yinsa da kwashe saman ƙasa da katafila ko yanka dogayen ramuka kamar kwalbati a ga inda launin ƙasa ya canza ya yi da'ira.

A tsofaffin ramukan kwal, irin na Inugu da aka fara haƙa tun zamanin yaƙin duniya na farko, ana kuma auna iska, saboda akwai mai kama wuta akwai mai shaƙe mutum, kuma suna iya biyo tsaga su shigo ɗaki.

In an gano rami ba wai filin ya mutu bane. Ana iya ɗura masa kunun siminti da yashi ko tokar kwal ta cikin ramukan da aka huda har ya cika, ana iya rufe bakin rijiyar da murfin kankare mai rodi wanda ya zarce bakin sosai ta kowane gefe, ana iya zuba fandisho falle ɗaya mai rodi a ƙarƙashin gidan gaba ɗaya, ko a kafa turaku su wuce kogon su taka dutse. Mafi sauƙi kuma sau da yawa shine a matsar da ginin, gefen da ke da matsala a barshi fili. Duk wannan kafin a ɗora bulo ɗaya yake da sauƙi, in an riga an zuba dakin, wato rufin kankare, sai kuɗin gyara ya nemi fin na ginin, ga rayukan da ke kwana a ciki.

Ƙanin nawa dai ya je wurin mai unguwa, aka haɗa shi da wani tsoho, tsohon ya zagaya da shi ya nuna masa wuri biyu ta gabashin filin yace nan da nan loto ne, da idonsa ya ga an cike su. Yanzu ya riƙe sauran kuɗin, sun yi da mai filin cewa sai an yanka kwalbati an huda an ga iya inda ramukan suka nufa kafin a ƙarasa ciniki.