Kuki da zaman shiga a shirye-shiryen aika buƙata ta intanet

Ƙa'idar HTTP, wadda burauza da sabar (kwamfutar da ke ɗauke da shafin) ke magana da ita, ba ta da ajiyar tunani. Duk buƙatar da ta isa wurin sabar, a matsayin baƙuwa take ɗaukarta, ko da mai aikowa ya ba da kalmar sirri daƙiƙa ɗaya da ta wuce. Don magance wannan ne Lou Montulli na kamfanin Netscape ya ƙirƙiro kuki (ɗan bayanin da sabar ke bai wa burauza ta ajiye) a 1994, kuma takardar RFC 6265 ta 2011 ta tsara yadda ake aiki da shi.

Idan an shiga lafiya, sabar takan aiko da layin Set-Cookie ɗauke da lambar zama, wato lambar da za ta riƙa gane wanda ya shiga da ita, kamar PHPSESSID a PHP ko JSESSIONID a Java. Burauza takan adana lambar ta riƙa mayarwa da kanta. Shirin da mutum ya rubuta kuwa ba ya yin haka sai an umarce shi. A curl, shirin aika buƙata daga layin umarni, -c ke rubuta kukis cikin fayil, -b ke karanta su. A Python, requests.Session() ke riƙe su tsakanin buƙatu.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne tura suna da kalmar sirri kai tsaye ta POST, wato buƙatar tura bayani. Shafuka da dama suna ɓoye alamar kariya ta CSRF (mai hana wani shafi tura buƙatar jabu da sunan mutum) cikin fom ɗin shiga, saboda haka dole a fara buɗe shafin da GET, wato buƙatar karɓo shafi, a karɓi kukin farko, a ciro alamar, sannan a tura su tare. Django, manhajar gina shafuka ta Python, na kiran gurbin da ke ɗauke da alamar csrfmiddlewaretoken, kuma idan babu shi amsar 403 ake samu, wato an hana. Idan shigar ta yi nasara, sabar takan mayar da 302, wato umarnin tafiya zuwa wani shafi. Curl ba ya bi sai an sa -L.

Lambar 200, wadda ke nufin an amsa buƙata lafiya, ba shaidar nasarar shiga ba ce. Sau da yawa sabar na dawo da fom ɗin shiga ne da wannan lamba, shirin ya ci gaba da aiki alhali a waje yake. Gwamma a nemi wani rubutu da wanda ya shiga kaɗai ke gani, misali maɓallin fita.

Kuki mai alamar Secure ba ya tafiya sai ta HTTPS, haka kuma Domain da Path suna iyakance inda ake aika shi. HttpOnly kuwa JavaScript na cikin burauza kawai yake tarewa, ba ruwansa da curl.

Zama yakan mutu. PHP na iya share shi bayan daƙiƙa 1440 ba motsi idan ba a sauya saitin ba, na Django kuma mako biyu ne. Shirin da zai daɗe yana gudu ya kamata ya gane hakan ya sake shiga, ba tare da maimaitawa barkatai ba, don yawan gwaji na sa a kulle asusu. Fayil ɗin kukis kuma a tsare shi kamar kalmar sirri, domin duk wanda ya kwafe shi zai iya shiga asusun muddin zaman bai ƙare ba.