Kuɗin gida da ake yanka a albashinka: me doka ta ce?

Ma'aikata da yawa a Katsina suna ganin NHF a takardar albashinsu duk wata, amma ba su taɓa tambayar inda kuɗin ke zuwa ba. Asusun Gidaje na Ƙasa ke nan, wanda aka kafa da doka a 1992, kuma Bankin Ba da Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, shi ke riƙe da shi.

Dokar ta ce a cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashi. Gyaran da aka yi mata a 2023 ya bar wajibcin a kan ma'aikacin gwamnati, na kamfani kuwa sai in ya ga dama. Wanda ya yi wata 6 yana zubi ya cancanci neman rancen saye ko gina gida, da ruwan kashi 6 cikin ɗari a shekara, a biya cikin shekara 30 a mafi tsawo. Wanda bai ci rance ba, idan ya kai shekara 60 ko ya cika shekara 35 yana aiki, sai a mayar masa da abinsa. Haƙƙinsa ne, kuma magada na iya nema bayan rasuwarsa.

A takarda abin gwanin daɗi. To amma mu yi lissafi. Ƙa'ida ita ce biyan bashin kada ya wuce sulusin albashi. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi, naira 70,000, sulusinsa bai kai 24,000 ba, wato rancen da zai iya ɗauka na shekara 30 bai kai naira miliyan 4 ba. Duk wanda ya sayi siminti da kwano da rodi a 'yan shekarun nan ya san inda wannan kuɗin zai tsaya.

Babban cikas ɗin ma shi ne takardar fili. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, kuma ba a jinginar da fili sai da amincewarsa. Banki takardar shaidar mallaka yake so ya gani. Gidajen cikin gari kuwa, daga Ƙofar Sauri zuwa Rafindadi, galibi na gado ne, shaidarsu mai unguwa da maƙwabta da takardar ciniki. Gidan naka ne, kowa ya sani, amma banki ba zai karɓa ba. Wannan yana damuna ƙwarai, domin masu buƙatar rancen su ne ya fi rufe wa ƙofa.

Ga kuma batun ruwa, wanda Musulmi da yawa ke gudu saboda riba. A ganina sai an sauƙaƙa fitar da takardar fili, an kuma faɗaɗa hanyar mallakar gida marar ruwa, kafin ƙaramin ma'aikaci ya amfana.

Kafin nan, ka nemi lambar asusunka a wurin aikinka, ka je ofishin bankin ka tabbatar abin da ake yanka yana isa can.