Bidiyon bindiga na Amurka: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaita min

Wai kowa a Amurka yana da bindiga?

A'a. Binciken cibiyar Pew ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na manya ne suke da tasu. Gaskiya ne an ƙiyasta a 2018 cewa bindigogi miliyan 393 ne a hannun farar hula, sun fi mutanen ƙasar yawa, amma mutum ɗaya kan mallaki goma ko ashirin, maƙwabcinsa kuwa bai taɓa riƙe ko ɗaya ba.

Ana sayenta kamar yadda ake sayen burodi?

Wa ya gaya muku? A shago mai lasisi sai ka nuna katin shaida, ka cike fom, a bincika sunanka a rumbun bayanan hukumar binciken manyan laifuka ta FBI, tsarin da ke aiki tun 1998. Doguwar bindiga sai ɗan shekara 18, ƙarama sai ɗan 21. Inda ɓaraka take shi ne cinikin mutum da mutum, wanda jihohi da yawa ba su wajabta bincike a kansa ba.

To waɗannan masu ɓarin wuta a bidiyo kamar a fagen yaƙi fa?

Na gaji da wannan tambayar. Tun 1986 aka hana farar hula sabbin bindigogi masu sarrafa kansu. Waɗanda aka yi wa rajista kafin nan kaɗai ke yawo, kuɗinsu dubban daloli ne. Mai bidiyon ko dai yana da lasisi na musamman, ko hayarta ya yi a filin harbi. Doguwar bindigar nan AR-15 da kuke gani a hannun talakawa, jan kunama ɗaya harsashi ɗaya. Kuma ku daina mantawa cewa bidiyo sana'a ce: sau da yawa kamfani ne ya ba shi bindigar da harsasan don ya yi masa talla. Wanda ya kulle tasa a akwati shekara da shekaru ba shi da abin nuna muku.

Ina karatu a Amurka. Zan iya zuwa filin harbi in yi haya in ɗauki bidiyo?

Yawwa, ƙanina, nan ka tsaya ka karanta a nutse, don wannan ce tambayar da ke hana ni sakat. Dokar tarayya ta hana wanda ya shiga ƙasar da bizar wucin gadi, ta karatu ko ta ziyara, ya riƙe bindiga ko harsashi. Akwai togaciya, wadda aka fi sani ita ce idan kana da lasisin farauta mai aiki daga wata jiha. Mai katin zama na dindindin wannan hanin bai hau kansa ba. To amma ko da lasisin farautar a aljihunka, ba zan ce maka je ka kai tsaye ba. Jiha tana iya ƙara nata sharaɗin, abin da ya wuce a Texas yana iya zama laifi a New York. Makarantarka ma tana da ƙa'idarta. Sannan ma'aikacin filin da ya karɓi kuɗinka ya miƙo maka bindiga ba shi zai tsaya gaban alƙali a madadinka ba, wataƙila ma bai san dokar ba.

Akwai shari'ar Rehaif. Ɗalibi ne daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, yana karatu a Florida, makaranta ta sallame shi, izinin zamansa ya faɗi, ya je filin harbi. Aka yanke masa wata 18. Sai a 2019 Kotun Ƙoli ta ce dole gwamnati ta tabbatar ya san izinin nasa ya faɗi. Ka duba irin nisan da maganar ta yi a kan harbin nishaɗi. Idan ka riga ka je, kada hankalinka ya tashi, amma kada ka ɗora bidiyon, ka nemi lauyan shige da fice ka faɗa masa komai. Idan ba ka je ba, ka fara ganin lauyan.

Duk masu bindiga 'yan ta'adda ne ko masu wariyar launi?

Haba. Mafi yawansu kare kai suke ambata a matsayin dalili, wasu farauta. Cikinsu akwai mata, akwai baƙaƙen fata, akwai Musulmi.

Tunda kundin tsarin mulkinsu ya yarda, ni ma a Najeriya zan iya?

A'a. Gyara na biyu da aka yi wa kundinsu a 1791, wanda ya ba su 'yancin riƙe bindiga, nasu ne. Dokar makamai ta Najeriya ta ce sai da lasisi.

Ashe ke nan babu matsala, surutun 'yan jarida ne kawai?

Kada in sake jin wannan. A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a Amurka. Fiye da rabinsu da hannunsu suka kashe kansu, kuma a kisan kai ƙaramar bindiga ce ta fi yin ɓarna, ba dogayen da ke burge ku ba. Waɗannan gidajen da aka yi wa rashi, babu mai ɗaukar su a bidiyo.